Tarihin Mallaka da Gyaran Tsohuwar Motar Tsere ta Bentley: Nazari a Kan Asali da Sahihanci

1.0 Gabatarwa

Abu ne sananne cewa duk kayan da ya daɗe ana amfani da shi sai ya buƙaci gyara, kuma kowane gyara yakan ɗauke wani ɓangare na kayan ya maye gurbinsa da sabo. Daga nan ne wata tambaya take tasowa: idan aka yi ta sauya sassan abu har ya zamana kaɗan ne suka rage daga na farko, shin abin yana nan a matsayinsa, ko kuwa ya zama wani abu dabam? Wannan darasi ya dubi tambayar ta hanyar bibiyar tarihin wata motar tsere ƙirar Bentley da aka ƙera a Ingila a shekarar 1929, wadda ta yi fice da laƙabin Old Number One, wato Tsohuwar Lamba Ɗaya. A shekarar 1990 sai da Babbar Kotun Ingila ta zauna a Landan domin ta tantance ko wace ce wannan mota, saboda cinikin fam miliyan 10 ya rataya a kan amsar.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

(a) bayyana tarihin motar daki-daki, daga ƙira zuwa shari'a;
(b) bambanta tsakanin abu na asali da sahihi da kuma na kwaikwayo;
(c) zayyana ire-iren hujjojin da ake kafa tarihin kaya da su;
(d) amfani da labarin wajen koyar da rubutun bayani a aji.

3.0 Ƙunshiyar Darasi

3.1 Kamfanin Bentley da Gasar Le Mans

Injiniya Walter Owen Bentley ne ya kafa kamfanin Bentley a shekarar 1919, kuma masana'antarsa ta farko tana unguwar Cricklewood a arewacin Landan. Tun daga farko kamfanin ya ɗauki tsere a matsayin hanyar tallata motocinsa. Gasar da ya fi mayar da hankali a kanta ita ce ta garin Le Mans a Faransa, wadda aka fara a 1923. Tsarin gasar shi ne motoci su yi ta zagaya hanya tsawon awa 24, dare da rana, direbobi suna karɓa-karɓa, kuma motar da ta fi cin nisa ita ce zakara. Ke nan gasa ce ta juriya da ingancin ƙira kafin ta zama ta gudu. Bentley ya lashe ta a 1924, sa'annan ya jera nasara huɗu daga 1927 zuwa 1930.

Duk da wannan suna, kamfanin bai rabu da matsalar kuɗi ba. A 1926 wani attajiri mai suna Woolf Barnato, wanda ya gaji dukiyar lu'ulu'un Kimberley ta Afirka ta Kudu daga mahaifinsa, ya zuba jari ya zama shugaban kamfanin. Barnato kuwa gwanin direba ne, domin sau uku ya shiga gasar Le Mans, sau ukun kuma ya yi nasara.

3.2 Ƙirar Motar da Nasarorinta

Motar da ake magana a kanta tana cikin samfurin da ake kira Speed Six, mai inji silinda shida da girman lita shida da rabi. Lambar shasinta, wato ƙashin ƙarfen da ake ɗora inji da bodi a kansa, ita ce LB2332, lambar rajistarta kuwa MT 3464. A gasar Le Mans ta 1929 an liƙa mata lamba 1, kuma daga nan laƙabinta ya samo asali. Barnato da Henry Birkin ne suka tuƙa ta, suka ci nisan fiye da kilomita 2,800, suka zo na ɗaya, wasu motocin Bentley uku suna biye da su.

A 1930 motar ta koma Le Mans, a wannan karo Barnato da Glen Kidston ne a kanta. Babbar abokiyar hamayyarta ita ce wata Mercedes ta Jamus da Rudolf Caracciola yake tuƙawa, wadda ta samu matsala cikin dare ta janye. Motar Barnato ta sake lashe gasar da nisan fiye da kilomita 2,900.

A nan akwai wani abin lura da zai yi amfani a gaba. Motar tsere ba ta zama yadda ta fito daga masana'anta. Bayan kowace gasa kanikawa sukan warware ta, su cire duk abin da ya gaji ko ya tsage, su sa sabo ko wanda ya fi shi inganci. Saboda haka motar da ta yi nasara a 1930 ta riga ta bambanta da ta 1929 a sassa da dama, amma babu wanda ya yi tantama a lokacin cewa mota ɗaya ce.

3.3 Sauye-sauyen 1932 da Haɗarin Brooklands

Bayan gasar 1930 kamfanin ya janye daga tsere, a 1931 kuma ya durƙushe saboda bashi, kamfanin Rolls-Royce ya saye shi. Motar ta koma hannun Barnato a matsayin tasa ta kansa, ya kuma ɗauki wani matashin bakanike na kamfanin, Walter Hassan, domin ya riƙa kula da ita. Daga nan aka karkata ga filin tsere na Brooklands da ke kusa da Weybridge a kudancin Ingila, fili mai gangaren bango a kwanoninsa wanda aka buɗe a 1907. A 1931 Jack Dunfee da Cyril Paul sun lashe gasar mil 500 ta wannan fili da ita.

A 1932 Hassan ya yi wa motar gagarumin aiki bisa umarnin mai ita. Ya ɗora ta a kan wani shasi mafi ƙarfi na samfurin Bentley mai lita 4, ya mayar da wasu daga cikin tsofaffin sassanta, daga baya kuma aka sa mata babban inji mai lita 8. A wannan siffa ta shiga gasar mil 500 ta watan Satumban 1932. Ana cikin tsere motar ta haura saman gangaren filin ta faɗa waje, direbanta Clive Dunfee, ɗan'uwan Jack, ya rasa ransa nan take.

Barnato bai zubar da tarkacen ba. Ya sa an sake gyara motar, kamfanin ƙera bodi na Mulliner ya yi mata rufaffen jiki, ta zama motar hawa a kan titi. Daga baya ya sayar da ita, ta yi ta bi ta hannun masu ita daban-daban tsawon fiye da shekara 50, ana ƙara yi mata sauye-sauye. A ƙarshen shekarun 1980 ta shiga hannun wani mai tara tsofaffin motoci, Edward Hubbard, wanda ya sa aka gyara ta aka mayar da ita siffar tsere ta 1932.

3.4 Shari'ar Shekarar 1990

A wancan lokaci farashin tsofaffin motoci ya yi tashin gwauron zabo. A 1990 Hubbard ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Middlebridge Scimitar a kan zai sayar masa da motar a kan fam miliyan 10, wani ɓangare tsabar kuɗi, wani kuma kadarori. Kafin a kammala biya sai mai saye ya janye, yana cewa abin da ke gabansa ba motar da ta yi fice a Le Mans ba ce. Hubbard ya kai ƙara, aka gurfana gaban Mai Shari'a Otton.

Hujjar kamfanin ita ce, shasi da inji da bodi duk an sauya su, don haka tsohuwar motar ta ƙare, ko dai a lokacin aikin Hassan ko kuma a ranar haɗari. Hujjar Hubbard kuwa ita ce, abin da ya sayar shi ne motar da aka sani da wannan laƙabi, kuma ita ce wannan, domin babu ranar da tarihinta ya yanke.

Kotu ta saurari hujjoji iri uku. Na farko, takardu: littattafan aikin kamfanin Bentley da bayanan rajista, waɗanda suka nuna lambobin motar suna biye da ita a tsawon shekaru. Na biyu, shaidar baka: Walter Hassan da kansa, yana ɗan shekara 85, ya zo ya bayyana abin da hannunsa ya yi a 1932, haka ma Diana Barnato Walker, 'yar Barnato, ta ba da tata shaidar. Na uku, ra'ayin masana tarihin motoci da suka duba motar da takardunta.

A watan Yulin 1990 alƙali ya yanke hukunci ya ba Hubbard gaskiya. Ya amince cewa motar ba ta nan yadda aka ƙera ta, kuma sassanta ba su ne dukkan waɗanda suka zagaya Le Mans ba. Amma ya nuna cewa sauye-sauyen sun zo ne mataki-mataki, a hannun masu ita, waɗanda a kowane mataki suke ɗaukar ta a matsayin mota guda. Bugu da ƙari, babu wata motar da za ta iya tsayawa ta yi da'awar wannan suna. Wannan shi ne abin da aka sani da ɗorewar tarihi. Bayan shari'ar ba da jimawa ba kamfanin Middlebridge Scimitar ya durƙushe, kasuwar tsofaffin motoci ma ta faɗi.

3.5 Asali, Sahihanci da Kwaikwayo

Daga wannan shari'a za a iya fitar da matakai uku da ya kamata ɗalibi ya bambance.

Abu na asali shi ne wanda yake nan yadda maƙerinsa ya gama shi, ba a sauya masa kome ba. Irin wannan yana da wuyar samu a cikin kayan da aka mora, balle motar tsere.

Sahihin abu shi ne wanda aka yi wa gyara da sauyi, amma ana iya bin sawunsa daga rana ta farko zuwa yau ba tare da giɓi ba. A wannan mataki kotu ta ajiye Old Number One.

Abu na kwaikwayo kuwa shi ne wanda aka ƙera daga baya domin ya yi kama da na da. Misali, a 2022 kamfanin Bentley ya ba da sanarwar ƙera sababbin Speed Six guda 12 bisa tsoffin zane-zanensa. Ko da sun yi kama da ta Barnato ƙusa da ƙusa, ba su je Le Mans a 1929 ba, kuma kamfanin bai ce sun je ba. Kwaikwayo ba laifi ba ne matuƙar an faɗi gaskiyarsa. Yana zama zamba ne idan aka sayar da shi da sunan sahihi.

Wannan ya ɗora wa mai gyara nauyi biyu. Na farko, ya zaɓi zamanin da zai mayar da kayan gare shi, domin mota mai siffofi da yawa a tarihinta ba za ta koma dukkansu a lokaci guda ba. Wanda ya zaɓi siffar 1932 ya bar ta 1929 da ta motar hawa. Na biyu, ya rubuta duk abin da ya cire da abin da ya sa, ya kuma adana tsofaffin sassan, saboda rubutun nan shi ne hujjar waɗanda za su zo bayansa.

3.6 Amfanin Labarin ga Malami

Malamin Hausa zai iya amfani da wannan labari wajen koyar da rubutun bayani, domin ya ƙunshi jeranta al'amura bisa shekaru, da kawo hujjar ɓangarori biyu ba tare da son zuciya ba, da kuma rarrabe abin da takarda ta tabbatar daga abin da mutum ya tuna. Haka kuma zai taimaka wajen faɗaɗa kalmomin ɗalibai a fannin kanikanci da shari'a, kamar shasi, bodi, silinda, yarjejeniya, da'awa da hukunci. Yana da kyau malami ya sa ɗalibai su zana jadawalin shekaru a kan allo kafin su fara rubutu, domin su ga inda kowane sauyi ya faɗo.

4.0 Kammalawa

Wannan darasi ya bibiyi rayuwar mota guda daga masana'antar Cricklewood a 1929 zuwa zauren kotu a 1990. An ga yadda ta lashe gasar Le Mans sau biyu, aka sauya mata shasi da inji, ta yi haɗarin da ya ci rai, ta zama motar hawa, sa'annan aka mayar da ita siffar tsere. An kuma ga cewa abin da ya tabbatar mata da sunanta a gaban alƙali shi ne tarihinta da bai yanke ba, wanda takardu da shaidu suka goyi bayansa. Da littattafan kamfani sun ɓata, ko da Hassan bai kai wannan shekara da rai ba, da wuya hukuncin ya zo da sauƙi haka.

5.0 Auna Fahimta

1. Kawo manyan sauye-sauye uku da aka yi wa motar tsakanin 1929 da 1990.
2. Bayyana hujjar kowane ɓangare a shari'ar Hubbard da kamfanin Middlebridge Scimitar.
3. Mene ne ake nufi da ɗorewar tarihi? Yi bayani da kalmominka.
4. Bambanta tsakanin abu na asali da sahihi da na kwaikwayo, tare da misali ɗaya ga kowanne.
5. A ganinka, wace hujja ce ta fi ƙarfi tsakanin takarda da shaidar baka? Kafa dalilai.
6. Zaɓi wani tsohon kaya da ka sani wanda aka sha yi wa gyara, ka rubuta tarihin mallakarsa da gyare-gyarensa a shafi biyu, kana nuna inda ka samo kowane bayani.