Yadda ake canja man giya da filta na a-kori-kura mai giyar atomatik

A-kori-kura mai giyar atomatik ta yawaita a Zariya. Ita ce ke kwaso buhunan masara daga kasuwar Giwa, ta ɗauko rake daga Maƙarfi, sannan ta shigo ta Ƙofar Doka ta bi cunkoso har Babban Dodo. Yawancin masu irin wannan mota ba sa wasa da juyen baƙin mai, amma man giya sai ya shekara biyar ba wanda ya leƙa shi, sai ranar da mota ta fara fizga ko ta ƙi shiga giya. A lokacin kuwa magana ta wuce ta mai, ta koma ta sauke giyabos, kuma kuɗin wannan aiki ya ninka na juyen mai sau da yawa.

Wannan darasi zai bi aikin daki-daki. Abubuwa biyu ne ginshiƙinsa: a zuba irin man da giyar take so, kuma a auna shi a daidai zafin da kamfani ya faɗa.

Aikin da mai yake yi a cikin giya

A giyar hannu, aikin mai shi ne hana ƙarafa cin juna. A atomatik kuwa aiki huɗu yake yi. Shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya a cikin wata ganga da ake kira kombata, wadda ta maye gurbin kuloci. Shi ne ke matse faifan faiba idan za a canja giya, ta hanyar wani faranti mai ƙananan hanyoyi da bawul-bawul da kwamfutar mota ke sarrafawa. Shi ne ke sa santsi, kuma shi ne ke kwashe zafi ya kai wa lagireto.

Zafi shi ne babban abokin gaban wannan mai. Idan mota na gudu a titin Kaduna, kombata yakan kulle, mai ya huta. Idan kuwa tana tafiyar hawainiya da lodi a lungunan cikin ganuwa, tana tsayawa tana tashi, kombata sulɓi yake yi, sulɓin nan kuma zafi yake haifarwa. Saboda haka motar da ke aikin cikin gari da kaya ta fi wadda ke doguwar tafiya gajiyar da mai, ko da kilomitarta ba ta kai ba.

A Amurka, Toyota ta ba masu jan tirela da Tundra ko Tacoma shawarar canja man giya a kowane mil 60,000, wato kimanin kilomita 96,000. Motar da ke shan lodi da ƙurar hunturu da zafin bazara irin na Zariya ta fi dacewa da a rage mata, a canja tsakanin kilomita 60,000 zuwa 80,000.

Kowace giya da manta

Nan ne aka fi yin ɓarna. Jan launi ba shi ne shaida ba, domin kusan duk man atomatik ja ne, amma kaurinsu da sinadaransu sun bambanta.

Hilux ta 2005 zuwa 2015 mai giya huɗu tana shan Toyota ATF T-IV. Hilux ta 2016 zuwa sama mai giya shida, da Tundra mai giya shida, suna shan ATF WS. Ford Ranger da F-250 masu giya shida suna shan Mercon LV. Chevrolet Silverado 2500HD mai giyar Allison 1000 tana shan Dexron VI. Ram 2500 mai giyar 68RFE tana shan ATF+4.

Littafin mota shi ne alƙali. Idan ya ɓace, kamar yadda aka saba gani a motocin Kwatano, akan rubuta sunan man a jikin gejin giya ko a kan notin zuba mai. Man giyar hannu irin 80W-90 da man CVT ba sa shiga nan ko da wasa. Ko a Sabon Gari za a saya, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, a tabbatar galan a rufe yake da hatiminsa. Man da aka ɗura a gora ba shi da shaida, araha kuma ba ta ado.

Kayan aiki

Ana buƙatar mai lita biyar zuwa shida, sabon filta da zoben robarsa, sabon gaskit na kwanon giya, sababbin washa na notuna, sifanu, kwanon tara mai, gora mai ma'auni, famfon hannu mai tiyo, da tsumma marar gashi. Sai kuma ƙaramar na'urar OBD2 irin ELM327, wadda ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya ta Bluetooth. Manhajoji irin su Car Scanner da OBD Fusion suna iya nuna zafin man giya idan an zaɓi samfurin motar, gareji mai kwamfuta kuma yana amfani da Techstream ga motocin Toyota.

Mota ta tsaya a wuri mai daidai, a kan rami ko a kan ƙafafun ƙarfe huɗu. Ba a shiga ƙarƙashin a-kori-kura da jak kaɗai, ba kuma a dogara da bulo.

Matakan aiki

Na farko, a fara kwance notin zuba mai kafin a taɓa na zubarwa. Idan aka zubar da mai sannan aka tarar na sama ya ƙi kwancewa, mota ta kwana a gareji ke nan. A giyar Toyota mai shan WS, wannan noti yana gefen giyabos, kuma sifana mai lamba 24 yake ci.

Na biyu, a kwance notin ƙasa a tara mai, sannan a auna abin da ya fito. Giyar Hilux tana ɗaukar kimanin lita 10, amma abin da ke fita ta kwano bai wuce lita 3 zuwa 4 ba, sauran yana cikin kombata da tiyo.

Na uku, a karanta man. Ja ko ruwan ƙasa mai haske alamar lafiya ce. Baƙi mai ƙauri yana nufin faiba ta ƙone. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ne ya shiga, kuma sai an gyara lagireton kafin a zuba sabon mai.

Na huɗu, a kwance notunan kwano a hankali, a bar biyu a gefe guda domin ya karkata sauran mai ya tsiyaye. A cikin kwanon akwai maganaɗisu. Laushin toka a jikinsu ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai walƙiya kuwa labari ne na daban, a dakata a nemi gwanin giya.

Na biyar, a cire tsohon filta, a tabbatar tsohon zoben roba ya biyo shi bai maƙale a rami ba. A shafa wa sabon zobe ɗan mai sannan a ɗaura sabon filta. Allison 1000 tana da ƙarin filta na waje mai kama da na baƙin mai, da maganaɗisu a kansa wanda ake gogewa a mayar. 68RFE kuwa filta biyu gare ta, duka a cikin kwano.

Na shida, a wanke kwano ya bushe, a mayar da maganaɗisu mazauninsu, a sa sabon gaskit. Kada a lafta gam, domin gutsurensa na iya toshe bawul. A ɗaure notuna a gicciye, kaɗan-kaɗan. Ƙanana ne kuma jikin giyabos alminiyam ne, ɗaurin ƙarfi yana cinye haƙori. Da hunturu, kada a bar giya a buɗe iska na kaɗa mata ƙura.

Na bakwai, a zuba sabon mai daidai abin da ya fita, a ƙara kamar rabin lita, a rufe noti.

Awon mai

Mai yana kumbura idan ya ji zafi, shi ya sa awon da aka yi ba a daidai zafi ba ƙarya yake faɗa. Mota mai geji tana da sauƙi: inji na aiki, giya a P, a duba layin zafi bayan an ɗan zaga da ita.

Sababbin motoci da yawa ba su da geji. A maimakonsa akwai notin awo a ƙasan kwano, da ɗan bututu a tsaye daga ciki, duk man da ya haura bakin bututun sai ya zubo. Ana tayar da inji, a taka birki, a bi da liba ta P da R da N da D ana ɗan tsayawa a kowanne, a dawo P. Sai a zuba wa waya ido. Giyar Toyota mai shida ta AC60 ana auna ta tsakanin digiri 35 zuwa 45, mai biyar ta A750 kuma tsakanin 46 zuwa 56. Da zafi ya shiga wannan tsakani, a kwance notin awo inji na aiki. Idan mai ya zubo, a jira ya koma siririn zare a rufe. Idan bai zubo ba, a ƙara mai a sake.

Ga inda yanayin Zariya ya shigo. A watan Maris da Afrilu zafin rana yakan haura digiri 35, wato man giyar AC60 ya riga ya shiga ma'auni tun ba a tayar da inji ba, kuma cikin 'yan mintoci zai wuce 45. Wanda ya kwance noti bayan nan zai zubar da man da bai kamata ya fita ba, giya ta zauna da ƙishi, famfo ya riƙa jan iska, faiba ta riƙa sulɓi. Maganin abin shi ne mota ta kwana a gareji, a yi awo da sassafe. Yawan mai ma illa ne, domin kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta matse faiba.

Bayan an gama

A gwada motar, a leƙa ƙasa ko akwai yoyo, a sake leƙawa washegari. Tunda juye ɗaya kashi ɗaya cikin uku kawai yake canjawa, wanda mansa ya yi duhu zai iya maimaita juyen ta noti bayan 'yan ɗaruruwan kilomita ba tare da sake kwance kwano ba. Giyar da ta riga ta fara sulɓi kuwa sabon mai ba zai warkar da ita ba, kuma wanke ta da injin matsi na iya ƙarasa ta.

Tsohon mai a zuba shi a galan a miƙa wa masu saye. Ba a zuba shi a kwata ko kududdufi, musamman a cikin birni inda gidaje da yawa ke sha daga rijiya. A ƙarshe a rubuta kwanan wata da kilomita da sunan man a waya, domin makaniken da zai karɓi motar nan gaba ya san abin da ke cikinta.