Izinin Tafiya na Intanet: Abin da Mai Fasfon Najeriya Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Biya Ko Sisi

A ɗauka wani matashi ne a Pauwa, cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara, ya sayar da buhunan masarar da ya noma domin yana son fita waje neman na kansa. Sai ga saƙo a WhatsApp cewa Kanada ta daina neman biza, yanzu eTA kawai ake cikewa a waya, kuma akwai wanda zai yi masa a kwana biyu idan ya tura kuɗi. Shi eTA ɗin gaskiya ne, akwai shi. Sai dai mai fasfon Najeriya ba ya cikin waɗanda Kanada ke bai wa shi, don haka kuɗin masarar nan sun tafi ke nan. Sanin yadda tsarin yake aiki ne kaɗai zai kare mutum daga irin wannan asara.

Mene ne eTA?

eTA izinin tafiya ne da ake nema ta intanet kafin a hau jirgi. Ba a liƙa komai a cikin fasfo. Ana ɗaure izinin ne da lambar fasfon a rumbun bayanan ƙasar da za a je. Idan matafiyi ya miƙa fasfonsa a filin jirgi, kwamfutar kamfanin jirgin za ta tambayi rumbun, amsa ta dawo nan take: a bar shi ya hau, ko kada a bari.

Abu uku ne mutane ke yawan haɗawa wuri guda:

1. Biza ta gargajiya. Ana cike takardu, a je a ɗauki hoton yatsu, wani lokaci a yi ganawa da jami'i, sannan a manna ta a fasfo.
2. Biza ta intanet. Cikakkiyar biza ce, ana tantance mai nema sosai, amma sakamakon yana zuwa ta imel ko ta asusun da ya buɗe.
3. eTA. Tantancewa ce mai sauƙi, wadda galibi ake yi wa 'yan ƙasashen da tun asali aka ɗauke wa biza.

Ke nan kafin mutum ya tambayi yadda ake cike eTA, sai ya fara tambayar ko fasfon da ke hannunsa yana cikin jerin waɗanda aka amince wa.

Darasi daga Filifin

Kanada ta wajabta eTA a shekarar 2016 ga baƙin da ba sa buƙatar biza idan ta jirgin sama za su shiga. Kuɗinsa dalar Kanada 7 ne, yana aiki har shekara biyar ko zuwa ranar da fasfo ya ƙare, duk wanda ya riga zuwa.

A watan Yunin 2023 Kanada ta ƙara ƙasashe 13 a tsarin, cikinsu har da Filifin, Tailan, Ajantina da Maroko. Amma ba kowane ɗan Filifin ne ya samu wannan dama ba. Sai wanda ya taɓa riƙe bizar Kanada a cikin shekara goma da suka wuce, ko wanda yake da bizar ziyara ta Amurka mai aiki a lokacin da yake nema. Kuma dole ta jirgin sama zai shiga. Idan ta mota ko jirgin ruwa ne, bizar nan dai ita zai nema. Najeriya ba ta cikin ƙasashen 13.

Irin wannan labari ne 'yan damfara ke yanke wa kai da ƙafa. Su ɗauki kanun, su zubar da sharuɗɗan, su sauya sunan ƙasa, su watsa.

Ina mai fasfon Najeriya ya tsaya?

Amurka tana da nata tsarin mai suna ESTA, wanda ya zama dole tun 2009. Na ƙasashen da ta yafe wa biza ne kawai, kuma Najeriya ba ta ciki.

Birtaniya ta fara nata a 2023 da 'yan Ƙatar, ta faɗaɗa shi zuwa sauran ƙasashen Larabawa na yankin Gulf a 2024, sannan Turawa a Afrilun 2025. Ɗan Najeriya biza zai nema, ko da kwana uku zai yi.

Kenya ta koma tsarin eTA a Janairun 2024, har 'yan Najeriya suna biya. A 2025 ta ɗauke wa 'yan ƙasashen Afirka wannan sharaɗi, ban da Somaliya da Libiya. Wannan ya nuna cewa dokokin suna sauyawa, bayanin bara ba lallai ya yi aiki bana ba.

Saudiyya, inda da yawa daga cikin matafiyan yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ke nufa, ta buɗe bizar yawon buɗe ido ta intanet a Satumbar 2019 ga ƙasashe 49, babu Najeriya a ciki. Maniyyacin Hajji yana bi ta Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Katsina ko kamfanin da NAHCON ta bai wa lasisi. Mai zuwa Umara ma kamfani mai lasisi ne hanyarsa mafi aminci. Manhajar Nusuk tana taimakawa wajen neman lokacin ziyarar Rauda a Madina, amma sauke ta a waya ba shi ne samun biza ba.

Ƙasashen ECOWAS kuwa, irin su Ghana, Benin da Senegal, ɗan Najeriya yana shigarsu ba biza har tsawon kwana 90, muddin yana da ingantacciyar takardar tafiya.

Yadda ake nema idan mutum ya cancanta

Wanda yake riƙe da fasfon wata ƙasa bayan na Najeriya, ko zai je inda ake neman izinin intanet daga kowa, ga matakan da kusan duk tsarin ke bi:

1. A tabbatar fasfo yana da sauran rai. Ƙasashe da yawa suna son aƙalla wata shida. Neman fasfon Najeriya yanzu ta intanet ake farawa, kuma sai bayanan sun dace da na lambar NIN.
2. A rubuta adireshin shafin gwamnati da hannu. Na Kanada canada.ca ne, na Birtaniya gov.uk. Sakamakon da ke fitowa a saman Google sau da yawa talla ce ta 'yan tsakiya.
3. A kwafi suna, ranar haihuwa da lambar fasfo kamar yadda suke a layuka biyu na ƙasan shafin hoto. A lura da bambancin harafin O da sifiri, da harafin I da lamba 1. Kuskure ɗaya ya isa a hana mutum hawa jirgi.
4. A yi amfani da imel ɗin da mutum ke buɗewa da kansa. Idan a shagon kwamfuta aka cike, a fita daga asusun, a goge hoton fasfon daga na'urar kafin a tashi.
5. A biya da katin banki a kan shafin kansa. Kafin nan a tambayi banki ko katin yana biya da kuɗin waje.
6. A jira amincewa kafin a sayi tikiti. Na Kanada yakan fito cikin mintoci, wani kuma ya ɗauki kwanaki.
7. A buga takardar, a kuma ajiye kwafi a cikin waya. Mutanen yankin ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Abin da yake imel kaɗai ba ya buɗuwa ranar da babu sabis.

Alamomin damfara

Duk wanda ya ce a tura kuɗin izini zuwa asusun mutum, ko ta mai POS, ɗan damfara ne. Haka wanda ya yi alkawarin aiki da eTA, domin izinin ziyara ne, ba ya halatta aiki. Haka wanda ya ce ya san wani a ciki, ko ya ba da tabbacin shiga, alhali jami'in da ke bakin iyaka shi ke da maganar ƙarshe ko da izinin na gaske ne. Takardar da aka turo a WhatsApp ba hujja ba ce, kowa na iya ƙera ta a waya. Hujja ita ce abin da shafin gwamnatin ƙasar ya nuna idan aka shigar da lambar fasfo.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya garzaya bankinsa a ranar, ya ajiye shaidar biya da hirarrakin, ya kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Wanda kuma bai tura ba, minti goma a shafin gwamnati sun ishe shi ya gane ko fasfonsa yana cikin jerin. Rigakafi ya fi magani.