Darasin Lafiya: Zawo Mai Jini, Wace Ƙwaya Ce Ta Kawo Shi?

'Yan'uwa manoma, idan damina ta kankama, kwata takan malala cikin rijiyoyi da lambuna, sai zawo ya yawaita. Mu da ke Unguwar Kanawa da kewaye muna noman lambu, muna kiwo, muna kai kaya kasuwar Kawo. Saboda haka darasin nan namu ne.

In aka ga jini cikin kashi, wasu sukan ce basir ne. Amma in da zawo, sau da yawa atuni ne. Ƙananan ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya ne suka shiga ciki ta abinci ko ruwa. Ga manyansu guda huɗu.

1. Shigela. Wani likitan Japan, Kiyoshi Shiga, ya gano ta a 1897. Daga kashin mutum take fitowa, hannu da ƙuda su kai ta abinci. Bayan kwana 1 zuwa 3 sai zazzaɓi, murɗar ciki, da kashi kaɗan-kaɗan mai majina da jini.

2. Kamfilobakta. Gidanta hanjin kaji. Ana kamuwa ta naman kaza da bai dahu ba, ko madarar da ba a tafasa ba. Takan nuna bayan kwana 2 zuwa 5.

3. Salmonela. Tana cikin ƙwai, nama da kashin dabbobi. Takan zo da amai da zazzaɓi, wani lokaci tun ranar da aka ci abincin.

4. I-kolai O157. An gane tana sa cuta a Amurka a 1982, ta niƙaƙƙen naman sa. Tana zaune a hanjin shanu ba ta dame su ba. Ɗanyen taki yakan kai ta ga latas da kabeji. Ciki ya murɗa ƙwarai, jini ya yi yawa, amma zazzaɓi kaɗan ne ko babu. Takan lalata ƙodar yara.

Yaya ake ganewa?

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a nan bai sani ba, gama alamun sun yi kama. Sai an kai kashi ɗakin gwaji, kamar a Asibitin Barau Dikko. A can za a duba da madubin likita ko amiba ce, wadda maganinta dabam ne. Bakteriya kuwa sai an rene ta kwana 2 ko 3 kafin a san irinta. Ku gaya wa likita abin da aka ci, da ranar, da ko wani a gidan ya kamu.

Abin yi

Kada a sayi kafso a kemis bisa ka. Maganin da ke warkar da Shigela yana iya tsananta I-kolai. Kada a sha maganin tsayar da zawo. A kai mai ciwo asibiti ran nan, musamman yaro, ko wanda fitsarinsa ya ragu. Kafin a isa, a dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba shi. Uwa ta ci gaba da ba da mama.

Rigakafi ya fi magani. A bar taki ya ruɓe sarai kafin a zuba a lambu. A wanke hannu da sabulu, a dafa nama ya nuna har ciki, a rufe abinci da bakin masai.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Da wane ruwa muke ban ruwa da wanke ganyen da muke sayarwa?
2. Taku nawa ne daga masai zuwa rijiyarmu?