DARASIN KIWON LAFIYA: MAI CIKI, BARCI DA HASKEN RANA

A ƙauyukan 'Yankwashi, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura, mata masu ciki da yawa suna kukan rashin barci. Dare ya raba, kowa ya yi barci, ita kuwa idonta biyu. Gabanta yana ta faɗuwa. Tana tunanin ranar haihuwa. Idan ta faɗa wa uwar mijinta, sai a ce mata, "Haƙuri za ki yi, na ciki ne." Wasu ma sukan ce iska ce. Haƙuri yana da kyau, amma abin yana da dalili, kuma yana da magani.

Wasu dalilan a fili suke. Ciki ya yi nauyi, kwanciya ba daɗi. Fitsari yana tashin ta sau da yawa. Ga ƙwannafi, ga sauro, ga zafin bazara. Ƙarancin jini yana sa ƙafafu su riƙa damun mace da dare, har ta kasa ajiye su wuri ɗaya. Goro da shayi da yamma su ma suna korar barci.

Akwai kuma wani abu da ba a gani da ido. Sunansa bitamin D. Shi ne yake taimaka wa jiki ya ɗauki kalsiyam daga abinci. Kalsiyam kuwa shi ke gina ƙashi da haƙori, na uwa da na ɗan da ke cikinta. Masu bincike a ƙasashe da dama sun lura cewa masu cikin da bitamin D ya yi ƙaranci a jininsu sun fi fama da rashin barci da fargaba. Wannan bai nuna cewa shi kaɗai ne sanadi ba. Amma amfaninsa ga ƙashi tabbatacce ne.

Ba sai an saye shi ba. Fatar mutum ce take yin sa idan rana ta taɓa ta. To, a ƙasar Kazaure rana ba ta yi wa kowa rowa ba. Sai dai macen da ke wuni a cikin ɗaki, idan za ta fita kuma ta rufe jiki duka, rana ba ta samun fatarta. Baƙar fata ta fi farar fata buƙatar daɗewa a rana. Hasken da ya bi ta gilashin taga ba ya yin wannan aiki.

Ba sai mace ta bar gida ba. Tsakar gida ta isa. Da hantsi ta fito, hannuwa da ƙafafu a buɗe, ta yi shanya ko ta tsince shinkafa a sarari. Ɗan lokaci kullum ya fi wuni guda a wata. Kada ta zauna cikin tsakiyar rana ta bazara har jiri ya kama ta.

A abinci, ana samun bitamin D a kifi da gwaiduwar ƙwai. Maganar da ake yi cewa mai ciki ba ta cin ƙwai ba ta da tushe. Ƙwan da kazar gida ta yi, mai ciki ta fi kasuwa cancanta da shi.

Rana kaɗai ba ta isa ba. A shekarar 1999 likitoci a Jos sun buga sakamakon bincike a kan yara masu lanƙwasasshiyar ƙafa da masu gwame. Sun gano cewa yawancinsu kalsiyam ne ya yi musu ƙaranci a abinci. Da aka ba su kalsiyam, ƙashinsu ya gyaru. Saboda haka nono, kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya, duk abincin mai ciki ne.

Kada a je kemis a sayo mata maganin barci. Yana iya cutar da jariri. Ƙwayar bitamin D ma sai ma'aikacin lafiya ya rubuta, don idan ta yi yawa tana da illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce a ba kowace mai ciki ita ba. Abin da ta ce a 2016 shi ne a je awo sau 8 kafin haihuwa, a kuma sha maganin ƙarin jini kullum.

Idan ciki ya kai wata 7, ta riƙa kwanciya ta gefe, ba rigingine ba, kuma cikin gidan sauro. Ta ci tuwon dare da wuri.

Maigida yana da nasa aikin. Fargabar mace takan ragu idan ta san an tanadi kuɗin mota, an san asibitin da za a kai ta, an san wanda zai raka ta. Ya zauna ya saurare ta. Idan ta yi mako 2 cikin baƙin ciki, tana kuka, ba ta son abinci, ya kai ta ta faɗa wa malamar awo.

Amma idan rashin barcin ya zo da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, wannan alamar hawan jini ce, kuma jijjiga tana iya biyo baya. Haka nan idan jini ya ɓalle, ko ɗa ya daina motsi. Ba a jiran ranar awo, ba a jiran gari ya waye. A nemi mota nan take, a kai ta asibiti mafi kusa ko babban asibitin Kazaure.