Sandarewa da Tangaɗi Bayan Maganin Ciwon Daji

Maganin ciwon daji, da magungunan da ake haɗawa da shi, kan taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa har motsin jiki ya rikice. Marasa lafiya daga Saulawa, Ikara, Makarfi da Kudan galibi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ake yi musu ƙarin ruwan kemo, wato maganin ciwon daji, sai su koma gida. Sau da yawa a can alamun suke bayyana, nesa da likita.

Matsala ta farko tana zuwa ne daga maganin hana amai, irin su Maxolon, Plasil da Stemetil, waɗanda ke toshe aikin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa. Cikin awoyi ko 'yan kwanaki wuya kan murɗe, idanu su kafe sama, harshe ya zazzago, alhali mutum yana cikin hayyacinsa. Wannan ne ya bambanta ta da farfaɗiya. Yara da matasa ta fi kamawa. Tsofaffin da suka daɗe suna shan maganin kuma bakinsu kan riƙa motsi ba da sonsu ba, wani lokaci har abada. Shi ya sa a 2013 hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita shan Maxolon da Plasil zuwa kwana 5.

Ta biyu ita ce lalacewar jijiyoyin hannu da ƙafa, wadda magungunan kemo irin su binkiristin, sisfilatin da fakilitaksel ke jawowa. Yatsu su yi dundurus, sa maɓallin riga ya gagara, silifa ta zame daga ƙafa ba a ji ba. Masu ciwon suga sun fi shiga haɗarin.

Ta uku ba ta da yawa. Maganin kemo na saitarabin mai yawa kan taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa na ƙeya, tafiya ta koma tangaɗi, magana ta sarƙe. Amma tangaɗi ko mutuwar ƙafafu na iya kuma nuna cewa ciwon ya kai ƙwaƙwalwa ko laka, don haka ba a kwana da su a gida.

Dangi kan ɗauka iska ce ko sammu, a ɓata lokaci, alhali allura ɗaya a asibiti kan saki wuyan da ya murɗe cikin mintuna. Kada a sayi maganin amai a kemis ba da sanin likita ba. A je asibiti da kwalayen duk abin da ake sha, a kuma faɗi kowace alama kafin zagayen kemo na gaba, domin rage maganin kemo da wuri ne ke ceto jijiya.