Ina Likkafar Dawakan Sarkin Sin?

Tambaya: Na ga hoton dawakan yumɓu da aka tono a ƙasar Sin, ga sirdi ga linzami, amma babu likkafa. Maginan ne suka manta, ko ruɓewa ta yi a ƙasa? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Madalla da wannan ido naka, Malam. Sai wanda ya san doki yake lura da wurin sa ƙafa.

Dawakan na Sarki Qin Shi Huang ne, wanda ya haɗe Sin ƙarƙashin sarauta guda a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wasu manoma masu haƙa rijiya kusa da birnin Xi'an suka ci karo da rundunarsa ta yumɓu a 1974. Baraden rundunar suna cikin rami na biyu daga ramukan da aka tono, kowanne tsaye a gaban dokinsa.

Batun mantuwa dai babu shi. Maginin da ya zauna ya fitar da majayi da kitson wutsiya ba zai tsallake likkafa ba. Ruɓewa kuwa zato ne mai ma'ana, sai dai sirdin ma da yumɓu aka gina shi a bayan dokin, kuma ba a ga wani maratayin likkafa a jikinsa ba. Abin da ya faru shi ne, a wancan zamanin Sinawa ba su san ta ba tukuna.

To, yaya suke hawa? Tsalle barde yake yi ya ɗare, sannan ya matse dokin da cinyoyi. Dubi shigarsa za ka gane: wando, gajeren sulke marar kafaɗa, da 'yar hula mai igiya a haɓa. Duk don jiki ya yi sauƙi, hannu ya sake wajen harbin baka. Dawakan ma gajeru ne kaurara. Ni kam ina jinjina wa mutumin da zai yi harbi a kan sukuwa ƙafafunsa na reto.

Abin sha'awa, yumɓun ne ya nuna mana lokacin da likkafa ta iso. A wani kabari na shekara ta 302 miladiyya a Changsha, an sami mutum-mutumin mahayi da likkafa guda ɗaya tak a hagu, ta hawa kawai, domin ƙafarsa ma ba ta ciki. Wajen shekara ta 322 kuma, kusa da Nanjing, sai ga dokin yumɓu mai likkafa biyu, fiye da shekara 500 bayan rasuwar sarkin.