Hanya ɗaya, komin uku: wa zai biya nawa?

Tun zaɓen shekarar 2004, an raba ƙasar Nijar komin-komin, wato ƙananan hukumomi, guda 265 a lokacin. Kowace tana da iyakarta, da asusunta, da kuɗin da take amsa: lanho, tikitin kasuwa, kuɗin tasha, kuɗin mahauta. A watan Afrilu na 2024 gwamnati ta rushe majalisunsu, ta naɗa wakilai su riƙe su. Asusun kowace komin dai ya ci gaba da zama daban.

Amma ruwa da dabbobi ba su san iyaka ba. Gulbin Maraɗi yana fitowa daga Nijeriya, ya bi ta Madarumfa, da Maraɗi, da Tibiri, da Gidan Rumji. In ya ci gaɓa a sama, na ƙasa ne ke kwasar yashi a fadamarsu. Burtali yakan ratsa komin da dama kafin garke ya kai wurin kiwo. Albasar Galmi ma ba a ƙauye guda ake noma ta ba, sai ta bi hanyoyin karkara kafin ta hau kwalta. Irin wannan aiki ya fi ƙarfin komin ɗaya. Shi ya sa dokar ƙananan hukumomi ta shekarar 2010 ta ba su izinin haɗa kai su yi aiki tare. Haɗa kan ba shi da wuya a baki. Wurin rabon kuɗi ne ake ɓatawa.

Ga misali, don a gane lissafin. Wata hanyar jar ƙasa mai kilomita 30 ta lalace. Gyaranta zai ci miliyan 12 na sefa. Komin uku ta ratsa. Ta farko tana da mutum 60.000, ta biyu 40.000, ta uku 20.000.

Wani zai ce a raba daidai, kowace ta kawo miliyan 4. A kunne wannan kamar adalci ne. To, a duba abin da ya faɗa kan mutum guda. A komin ta uku, kowa ya biya dala 40 ke nan. A ta farko kuwa, abin bai kai dala 14 ba. Ƙaramar ta ɗauki kayan da ya ninka na babbar sau uku, alhali ita ce mai ƙaramin asusu.

Wani kuma zai ce kowace ta gyara inda hanyar ta bi cikin ƙasarta. Wannan ya fi muni. In kilomita 15 suna cikin komin ta uku, rabin kuɗin ya hau kanta, don kawai Allah ya ajiye ta a tsakiya. Motocin da ke farfasa hanyar wucewa suke yi, ƙura kaɗai suke bar mata.

Rabo bisa yawan jama'a ya fi waɗannan. Mutum 120.000 ne gaba ɗaya, kowa dala 20. Ta farko ta biya miliyan 6, ta biyu miliyan 4, ta uku miliyan 2. Sai dai akwai sauran magana. A ce babbar kasuwar mako tana cikin komin ta biyu. Ranar da hanya ta gyaru, motoci za su ƙaru, ƴan kasuwa za su ƙaru, tikiti ya yi ta shiga asusunta. Ta farko tana da ƴar kasuwa da tasha. Ta uku ba ta da ko ɗaya. Ba daidai ba ne mai amsar tikiti ta biya kamar wadda ba ta amsar kome.

Don haka ana iya raba kuɗin biyu. Miliyan 6 bisa yawan jama'a: ta farko 3, ta biyu 2, ta uku 1. Sauran miliyan 6 bisa ribar da hanya ke kawowa asusu. In cikin kowace dala 6 ta tikiti, 4 na ta biyu ne, 2 na ta farko, to haka za su biya. A ƙarshe ta farko ta kawo miliyan 5, ta biyu miliyan 6, ta uku miliyan 1. In mutanen ƙauyuka sun yi gayya, sun tara dutse ko sun ɗebo ruwa da amalanke, a ƙiyasta aikin da kuɗi, a cire shi daga kason komin ɗinsu. Gumin talaka ma biya ne, ko da yake sau da yawa ba a rubuta shi.

Gwamnati ta san asusun komin ba ɗaya ba ne. A shekarar 2008 ta kafa hukumar ANFICT, wadda aka ba aikin raba tallafi ga ƙananan hukumomi, har da asusun daidaitawa don taimakon marasa ƙarfi. Dokar ma'adinai ta 2006 kuma ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai ga komin na jahar da ake haƙar su. Amma tallafi yakan makara, damina kuwa ba ta jira.

Abin da ya kamata mutanen ƙauye su nema shi ne a rubuta yarjejeniyar kafin a soma aiki: nawa kowace za ta biya, yaushe, wa ke riƙe kuɗin, wa zai cike ramuka bayan kowace damina. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, shi ne kuma ke kashe hanya. A manna takardar da Hausa a ƙofar ofishin komin da bakin kasuwa. Ɗaliban yaƙi da jahilci suna iya karanta ta ga jama'a, su sake lissafin a allo tare da malaminsu. Bayan shekara uku ko huɗu a sake duba kason, don kasuwa tana girma, wata kuma tana mutuwa.